Yadda Ake Tara Jaruman Roba Ba Tare da Baba Ya Ƙona Su Ba

Kai magidanci, mai gashin baki da albashi, wanda ka shiga gidan bidiyo ka ga jarumin littafin zane yana tashi sama da mayafi ɗaure a wuya, ka fito zuciyarka na cewa ina ma a ce yana ɗakinka: matso kusa, ka zo inda za a share maka hawaye. Bi matakan nan yadda na jera su. Na ba ka tabbaci za ka tara jaruman roba son ranka, kuma ko ɗaya wuta ba za ta ci ba.

Dabarar ba tawa ba ce. Na kwaso ta ne daga Thomas, akawu mazaunin unguwar Dala a Maiduguri, wanda a farkon shekarun casa'in babu mai irin tarinsa a garin. Damuwarsa ɗaya ce a duniya, mahaifinsa Baba Dzarma, tsohon mai bishara a wani ƙauye bayan Biu, wanda tun yana saurayi ya kwashe gumakan gidansu ya banka musu wuta a gaban jama'a. Ga shi kuma an aiko cewa tsohon zai zo a cire masa yanar ido. Thomas na son jarumansa kamar me, yana kuma tsoron ranar da ubansa zai dube shi ya ce ya koma wa abin da aka baro.

Mataki na ɗaya: Nemi mai gwanjo

Kada ka ɓata takalminka a manyan kantuna. Jarumi na gaske cikin dilar gwanjo yake shigowa gari, a matse tsakanin rigunan sanyi. Na Thomas sunansa Ba'ana, rumfarsa a Lamisula, kuma tun daga nesa yake masa sannu da Barbarci, ya haɗa da kirari.

"Wushe, wushe, Akawu! Mutanenka sun sauka. Wannan ƙafarsa ɗaya ta tsaya a Ikko, amma dubi ƙirji, wallahi ko ɗan dambe!"

Ka ɗaure fuska, ka juya jarumin kamar ba ka so. Masana sun tabbatar da cewa mai gwanjo na jin bugun zuciyar mai saye daga tsallaken titi.

Mataki na biyu: Raɗa suna

Gwanjo ba ya zuwa da kwali, saboda haka babu mai ƙaryata ka. Babban jarumin Thomas, mai shuɗin mayafi da haɓa kamar bakin shebur, shi ne Kaftin Guguwa. Shi ne na farko da ya saya, kuma shi yake fara gaisarwa in ya dawo daga ofis.

Mataki na uku: Kafa doka a gida

Babu mai taɓawa sai kai. Ka riƙa goge su da tsumma na musamman, ka shafa musu basilin a gaɓoɓi don kada su ƙage. In matarka ta yi magana, nuna mata kwanonin da ta jera a kabad, waɗanda ba a taɓa zuba musu miya ba. Thomas ya gwada wannan a kan matarsa Dorothy.

"Baban Edith, nawa kwanonin ranar biki suna fita," in ji ta. "Naka wane bikin suke jira?"

Kada ka amsa irin wannan tambaya. Ka yi tari ka fita. 'Yarsu Edith kuwa, wadda ba ta ko shiga firamare ba, ta sha kuka a gaban kabad ɗin jaruman har ta gaji ta haƙura.

Mataki na huɗu: Ɓoye su da ilimi

Abokan gabanka yanzu biyu ne, tsoho da zafin Maiduguri. Zafin garin nan ba ya ganin girman kowa, ya taɓa lanƙwasa wa Kaftin gwiwa har ya koma kamar mai neman gafara. Akwati ba zai yi ba, ƙarƙashin gado kuwa nan ɓeraye ke taro.

Ga abin da Thomas ya yi, ka kwaikwaya. Ya sayo sabuwar tukunyar ƙasa, don ƙasa na riƙe sanyi. Ya naɗe kowane jarumi da farin ƙyalle, ya jera su ciki, ya rufe da faifai. Ya kai tukunyar lungun bayan ɗaki, ya ɗora ta kan duwatsu saboda gara. Kullum da safe ya tsuguna ya yayyafa ruwa a gindinta, ya ɗaga faifan ya leƙa, ya ce, "Ku yi haƙuri, ya kusa tafiya."

Dorothy ta leƙo ta ga aikin, ta buɗe baki za ta ce wani abu, sai ta rufe, ta koma kicin kafaɗunta na rawa. In matarka ta yi haka, alama ce ta ga basirarka.

Mataki na biyar: Dogara da idon baƙo

Baba Dzarma ya iso da sandarsa da Littafi Mai Tsarki, ba ya bambanta jikarsa da turmi sai ta yi magana. Hankalin Thomas ya kwanta. Abin da ya manta, wanda kai ma za ka manta, shi ne dalilin zuwan tsohon.

Aikin ido ya yi kyau. Da safen da ya fara gani sosai, Baba ya fito yana zaga gida yana yabon Ubangiji a kan kowane abu: dalbejiya, igiyar shanya, har akuyar maƙwabta. Ya zagayo bayan ɗaki, sai ga ɗansa na cikinsa, mai karatu, mai aikin gwamnati, tsugune gaban tukunya a kan duwatsu, yana yayyafa ruwa yana magana ƙasa-ƙasa.

Mataki na shida: Faɗi gaskiya, amma ba zan ce za ta taimaka ba

"Toma," in ji tsohon. "Buɗe."

Thomas ya buɗe. Ya warware farin ƙyalle, Kaftin Guguwa ya fito yana ƙyallin mai.

"Matarka tana taɓa su?"

"A'a, Baba."

"Kana shafa musu mai?"

"Basilin ne kawai, saboda..."

"Suna da suna?"

"Ni na raɗa musu."

"Kana musu magana?"

Thomas ya sunkuyar da kai. Gumi ya jiƙa masa singileti. Bai taɓa jin kunya da tsoro sun haɗu masa irin na ranar ba, ga murhun Dorothy na ci a tsakar gida, taku kaɗan daga inda suke.

"Na kakanka ma haka aka ajiye su," in ji Baba Dzarma. "Har faifan. Su dai an ce suna kawo ruwan sama. Naka me suke kawowa?"

"Ba sa kawo komai, Baba."

"To, gaya mini da bakinka. Gunki ne, ko 'yar tsana?"

Mataki na bakwai: Zaɓi kalma

A nan ake gane gwani. Ka ce gunki, wuta ta ci. Ka ce ɗayar, ka faɗe ta gaban matarka, wadda ta tsaya da muciya a hannu tana jira. Thomas ya dubi Kaftin, ya dubi ubansa.

"'Yar tsana ce, Baba."

"Ban ji ba. Idona aka gyara, ba kunne ba."

"'Yar tsana ce!"

Dorothy ta zauna a kan turmi, dariya ta hana ta tsayuwa. Tsohon bai yi dariya ba. Ya karɓi jarumin, ya daɗe yana juya shi a hannunsa.

"Ranar da na ƙona na ubana, mutane sun tafa mini," ya ce. "Shi kuwa bai sake sa hannu a kwano ɗaya da ni ba har ya mutu. Ban ce na yi kuskure ba, amma na san abin da ya ci mini. Ba zan ƙona na ɗana ba." Ya share idon da aka gyara da bakin riga, sannan ya ɗaga murya. "Edith! Zo nan. In 'yar tsana ce, ai akwai mai ita a gidan nan."

Kafin a sauke tuwo, Kaftin Guguwa na goye a bayan Edith da tsohon ɗankwalin uwarta, ƙafafunsa a warwaje, tana jijjiga shi tana cewa ya yi shiru. Thomas na biye da ita yana roƙo, "A hankali da wuyansa." Sai da Baba ya kira shi, ya turo kwano tsakaninsu ya ce, "Wanke hannu, bar yarinya da ɗanta."

Thomas ya wanke hannu ya zauna. Ya ci tuwon nan idonsa ɗaya kan ubansa, ɗaya kan jarumin da ake ɗura wa miyar kuka a baki, kuma shi kansa bai san wanne ne ya sa masa ƙwalla ba.

Sanarwa

Mai wannan shawara ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Hannun da ya ɓalle, mayafin da ya koma zanen goyo, sunan "Kakan Kaftin" da matan unguwa za su liƙa maka, duk kai da iyalinka. Kada kowa ya zo mini ƙofar gida da jarumi mai warin daddawa yana neman bayani. Na yi alkawari ba za a ƙona su ba. Ban ce ba za a yi musu kitso ba.