Rabin Kwalba da Tsakar Rana

"Lafiya lau. Sai dai na ga angon nawa ya ƙara tsufa daga jiya zuwa yau."

"Ke ma ai ba kyau kika ƙara ba. Koma inda kika fito, yau ba na ganin baƙi."

Tsohon ya tare wa jikarsa ƙofar shiga tsakar gida, hannu ɗaya a baya. Duk cikin jikokinsa wannan ce ba ya son gani yau, don a gidan rainon itatuwa take aiki, kuma bakinta ba shi da linzami. A bayansa bishiyar lemon da marigayiyar matarsa ta dasa ce tsaye, ganyenta sun yi ja sun nannaɗe. Ɗansa ya riga ya ce in ba ta farfaɗo ba zuwa ƙarshen mako zai kira mai gatari. Tsohon kuwa da a sare ta gara a cire masa sauran haƙoransa.

Ta leƙa ta kan kafaɗarsa. "Wa ya soya mana bishiyar kakata? Shekaranjiya fararen ƙwari ne kawai a ƙarƙashin ganye."

"Magani ne yake aiki. Ke me kika sani?"

"Kawo abin da kake ɓoyewa."

Ya miƙo kwalbar maganin kamar mai miƙa takardar yabo. Koriya ce, da hoton bishiya mai 'ya'ya fiye da ganye. Jikar ta gyara murya ta karanta.

"'An yi shi da tsirrai zalla. Yana warkar da cututtukan itatuwa arba'in.' Arba'in cif? Ashe ta arba'in da ɗaya ce ta kama taka. Ba su rubuta yana maganin furfura ba?"

"Da yana maganin surutu da na saya miki biyu. Karanta gaba, jahila. 'Ba ya cutar da komai.' Ganye ne fa."

"Barkono ma tsiro ne, zuba a ido mu gani. Nawa ka fesa?"

"Rabi."

"Rabin murfi?"

"Rabin kwalba. Ciwon babba ne, sai magani mai kauri."

"A ruwa nawa?"

"Ruwa kuma? In saya da tsada in tsarma?"

"Madalla da likita. Da wane lokaci?"

"Da rana tsaka, lokacin da ƙwarin ke zaune suna hutawa."

Ta juya kwalbar ta sa farce a kan wani rubutu ƙanana kamar sahun tururuwa. Masu kwalba dai haka suke, alkawari da manyan baƙaƙe, gargaɗi kuwa sai mai ido.

"Murfi ɗaya a bokitin ruwa. A fesa da yamma. Kada a fesa cikin rana. Mai ne a ciki, ka shafa wa ganye ka bar wa rana ta ƙarasa girki. Garin neman gira ka rasa ido."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Babban da ya ƙi sa tabarau don kada 'yan mata su ce ya tsufa? Ka san ma man mene ne? Na 'ya'yan darbejiya. Ga ta can a ƙofar gidanka, kullum kana zagin ta da zubar da shara. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami."

"Na sake ki. Saki uku."

"Na gode, dama ina neman mai gani."

Tsohon ya waiwaya. Ya dubi bishiyar. Tsoro ne ya kama shi sosai, don in ta mutu, shi ya kashe ta da hannunsa.

"Ke," ya ce a hankali, "ta tafi ke nan?"

Jikar ta ajiye kwalbar. Ta je ta kankare ɓawon wani reshe da farce, ta koma gindin ta kankare. Ƙarƙashin kore ne shar, da danshi.

"Da ranta. Ta fi ka ƙwari. A wanke ta da ruwa, a yanke rassan da suka ƙone, sati uku za ka ga toho. Baba kuma bar ni da shi, babu gatarin da zai shigo gidan nan."

Tsohon ya juya baya yana murza ido, ya ce warin maganin ne. Ya shiga ɗaki ya daɗe, sannan ya fito da wani almakashin yankan reshe naɗe a tsumma. Na marigayiyar ne, shekara huɗu ke nan bai bar kowa ya taɓa shi ba.

"Kin ci ni," ya ce yana dariya. "Na mayar da ke. Ungo, naki ne. Amma ki yanka a hankali, mai shi ba ta taɓa cire reshe ba sai ta ba shi haƙuri."