Sunan da Kyanwa Ba Ta Samu Ba

"Ya zafin tanda kuma, amarya?"

"Da godiya. Kai ne dai ban gane ba, miji ya shigo wa matarsa hannu rabbana, sai kyanwa a hammata."

Alkaya malamin makaranta ne, har ya fara furfurar gemu, amma a wurin kakarsa Nana Hawoye bai wuce mijin da ba ya cefane ba. Ita kuwa ta fi shekara hamsin tana gasa gurasa a tandar ƙofar gidansu a Tumbutu. Ɓeraye ne suka addabi akwatunan littattafan marigayi mijinta, Alfa Sidiki, shi ya sa jikan ya samo 'yar kyanwa mace. Saura suna. A unguwar ba a raɗa wa dabba sunan mai rai. Wanda ya taɓa gwadawa da akuyarsa har yau maƙwabta ba sa amsa sallamarsa. Masu karatu sai su koma tsofaffin waƙoƙin Larabci, su aro sunan wadda ta daɗe da zama ƙasa.

"Mai gadi na kawo miki, tunda ke in ɓera ya wuce ta gabanki sai ki ɗauka baƙo ne ki ba shi tabarma."

"Idon nan ya ga uwarka tana tsumma. Kada ka wahalar da kanka wajen neman suna, ka sa mata Lamisa."

Alkaya ya tsaya. Tsohuwar da ko alifi ba ta sani ba, ina ta samo wannan suna?

"Wace ce Lamisa?"

"Ni ma abin da nake so in sani ke nan. Kakanka yana da wata waƙa da ya rubuta da hannunsa. Kullum bayan la'asar sai ya zauna yana rerawa, ni ba na jin Larabci, amma ina jin Lamisa, Lamisa. Na bincika Tumbutu kaf, har 'yan jirgin ruwa na tambaya, babu mai wannan suna."

"Shi ba ki tambaye shi ba?"

"In tambaye shi ya ce na damu? Allah ya sawwaƙe. Ka sa wa kyanwar, in samu in ce 'Lamisa ɓarauniya, fita' sau goma a rana kafin in mutu."

"Ashe fansa za ki ɗauka a kan baiwar Allah mai ƙafa huɗu. To ruwa ba ya tsami banza, bari in gani."

Ya dire kyanwar, ya shiga ɗakin littattafai. Ba ya son ya tono abin da zai ɓata wa tsohuwa ragowar kwanakinta, amma son sani ya fi ƙarfinsa. Bai daɗe ba ya fito da 'yan takardu a jakar fata. Ya karanta a zuci, ya ɗaga kai ya dubi kakarsa, ya sake komawa.

"Ka haɗiye harshenka ne? Fara ce ko baƙa? 'Yar wane gida?"

"Ya ce gajera ce, mai faɗan tsiya."

"Na san za a rina."

"Ya ce in ta yi fushi sai ta cika gishiri a miya, shi kuma ya cinye don kada ta ji daɗi."

Nana Hawoye ta daina juya gurasa.

"Ya ce wutar tanda ta yi mata hatimi a gwiwar hannun hagu. Kuma duk lokacin da yake rera wannan waƙa tana laɓewa bayan ƙofa, tana tsammanin bai ga gefen zanenta ba." Alkaya ya rufe takardun. "Mawaƙa ba sa faɗin sunan matansu a bainar jama'a, Nana, aro suke yi. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami."

Tsohuwa ta ja hannun rigarta a hankali, ta dubi tsohon tabon kamar yau ta fara ganinsa. Tausayinta ya kama Alkaya. Gurasa ɗaya ta ƙone a tanda, ba wanda ya kula.

"Munafukin tsoho," ta ce can, tana share ido da gefen mayafi. "Shekara arba'in yana kallona ina cika masa gishiri saboda kaina."

"To yanzu in kira ta? Lamisa, zo nan."

"Kul. Ka sake kiran wannan mai gashin baki da shi sai na fasa maka kai da muciya." Dariya ta ƙwace mata. Ta zaro gurasa mafi zafi ta cusa masa a hannu. "Ungo, yau ka ci galaba a kaina. Koma ka tono mata wani, wannan yana da mai shi. Amma fara zama ka karanta mini daga farko, kuma kada ka tsallake ko layi ɗaya."