Famfon Malam Kar-a-taɓa

Har yau in famfo ya yi tari a gidan kula da masu jego, sai ungozomomi su dubi juna su ce, "Yana gaida Malam." Wannan kuwa rashin adalci ne, don ba a taɓa yin mai kishin tsafta irin Malam Kar-a-taɓa ba.

Shi ne jami'in hana yaɗuwar cuta a gidan, amma na riƙon ƙwarya, kalmar da ba ya so a faɗa da ƙarfi. Farar rigarsa har kashe ido take. A faɗarsa, ƙwayoyin cuta da sun ji ƙarar takalminsa suke goya 'ya'yansu su bi ta taga. Ya hana sumbatar jarirai, ya hana 'yan dubiya zama a bakin gado, kuma duk wannan daidai ne. Da ya tsaya nan, da ba mu da labari.

Sai aka kafa sabon wurin wanke hannu a ƙofar ɗakin jarirai, farin kwano tas, da famfon da ake buɗewa da gwiwar hannu. Malam ya leƙa ya ga fuskarsa a jikin ƙarfen. Ya kuma hango ranar da masu bincike za su zo daga hukumar lafiya, su ga wannan ƙyalli, su tabbatar masa da kujerarsa. Da yamma ya dawo ya tarar da kumfar sabulu a kwanon. Ransa ya ɓaci. Ashe mutane da dattin hannunsu suke zuwa wanke hannu!

Washegari ya kewaye wurin da jar igiya, ya tara kowa.

"Jama'a, ilimi ya tabbatar babu inda datti ke taruwa kamar wurin wanke hannu. Saboda haka mai son taɓa wannan famfo ya je ya wanke hannunsa tukuna."

Wata tsohuwa da ta zo ganin jikanta ta ce, "Ɗan nan, in na wanke a can, me zan zo yi nan?"

"Ki kalla, Iya. Kallo ba a hana ba."

Daga ranar, ungozoma da kaka da uban jariri, kowa sai ya zaga tsohon famfon bayan ɗakin wanki, ya dawo hannu a sama kamar wanda aka kama. Malam kuwa safe da yamma yana goge kwanonsa, yana hura masa iska. Aka kwashe watanni a haka.

Ranar bincike, shugabar tawagar ta tsaya a gaban igiyar.

"Yana aiki kuwa?"

"Ranki ya daɗe, ko sau ɗaya bai taɓa ba mu matsala ba."

Gaskiya ya faɗa, Allah ya sani. Ya ɗage igiya, ya naɗe hannun riga, ya roƙi baƙi su lura da yadda masana ke yi, ya tura famfon da gwiwar hannu. Shiru. Can sai gurnani daga cikin bango. Famfo ya yi tari, ya ƙara, sannan ya feso jan ruwan tsatsa tun daga aljihun farar riga har tabarau. Wani jariri ya tsala kuka a ciki.

Shugabar ta kwance igiyar da hannunta, ta miƙa masa, ta ce za a sake duba maganar kujerar in Allah ya kai mu baɗi.

Kwana biyu bayan haka babbar ungozoma ta same shi yana shan shayi, ta gaishe shi da ladabi.

"Malam, ya mai jiki? Tarin ya lafa?"

Ya ajiye kofi, ya dube ta ta saman tabarau.

"Ku yi dariyarku. Da na bar ku kuna wanke hannu da wannan ruwan, yau wa zai rage a gidan nan?"