Tsuntsu Mai Ido Ɗari

"...da gajiya kuma, tsohuwa? Ashe dai kin kwana da rai."

"Na kwana, sai ka yi haƙuri. Shigo, mai wuyan zalɓe."

Ina barandar dogon gidanmu ina saƙar kwando na jiyo su. Ɗakina da na Ini Sendi, wato Kaka Sendi, katako ɗaya ya raba, ko atishawa ta yi sai na amsa. Mai gaisuwar jikanta ne, Jimbun, ya zo daga birnin Kuching saboda Gawai, bikin gama girbin shinkafa. Gobe zai taka rawa a gaban mahaifin Lulong, yarinyar da yake nema, ga shi ɓeraye sun cinye gashin tsuntsun da ke hularsa tas. Gidan nan kaf, ƙofa ashirin da uku, Ini Sendi kaɗai ke da gashin tsuntsun ruai, guda biyu, kowanne ya kai tsawon hannuna. Marigayi mijinta ya bar mata. Tsuntsun kuwa an hana kama shi, rabonmu da jin kukansa ma an daɗe.

"Aro na zo, Ini. Kwana ɗaya tak."

"Aron me? Hankali? Ya ƙare tun a kan ubanka."

"Gashin ruai na kakana."

"Kayan aro ba ya rufe katara. Sauka ƙarƙashin gida ka fige zakara, dama ƙafafunku iri ɗaya ne."

"Haba Ini! Baban Lulong ya ga gashin zakara a kaina, ai ko ruwa ba zai ba ni ba, balle 'ya."

"Sai ka dawo wurina. Dama wa zai kwashe ka in ba ni ba?"

"Ke da haƙori uku?"

"Huɗu ne, ɗaya kunya yake ji. Kwana tara kakanka ya yi a daji kafin ya tsinci gashin nan a filin rawar tsuntsun. Tsuntsun da sai ya share fili fes kafin ya taka rawa. Kai ko tabarmarka ba ka naɗewa. Ka ma san shi?"

"Na fi ki saninsa. Har sunan da Turawa suka sa masa na sani. Argus."

"Ar-wa?"

"Argus. Wani ƙato ne a tatsuniyar Girkawa, mai ido ɗari. Aka ba shi gadin saniya."

"Tsuntsun ne ke kiwon saniya?"

"A'a, ƙaton."

"To me ya kawo ƙaton dajinmu?"

"Bai zo ba. Babu shi ma, tatsuniya ce."

"Babu shi, amma ga shi da saniya."

"Saniyar ma ba saniya ba ce, mace ce aka mayar da ita..."

"Entalai!" Ta ƙwala mini kira. "Kana ji? Shekara huɗu a makarantar birni, abin da ya kwaso mana ke nan."

Na leƙa na ce ni tun a wajen saniyar na ɓata, in an gano ta a faɗa mini.

"Kai ma ka taya ta?" in ji Jimbun. "To ke Ini, ruai ɗin me yake nufi?"

"Ruai yana nufin ruai mana! Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, ban da kai."

"Rashin sani ya fi dare duhu. Taso, gani ya kori ji."

Ya ja hannunta zuwa bakin gado, inda gashin ke soke a jikin bango. Ni ma na bi su da kwandona.

"Kin ga zagaye-zagayen nan? Su Turawa suka gani suka ce idanun ƙaton ne."

"Duwatsun rafi ne. Kakanka ya faɗa mini."

"Dubi dai da kyau. Ga baƙin, ga farin, har da gira."

Ini Sendi ta matsa. Ta karkata hagu, ta karkata dama, ta ja baya a hankali.

"Wannan na ƙasan... ni yake kallo?"

"Duk ke suke kallo."

"Tun yaushe?"

"Yaushe aka soke su a nan?"

"Shekarar da na haifi ubanka."

"To, shekara hamsin ke nan."

"Jimbun! A nan fa nake sauya zani!"

Na tusa fuskata cikin kwando.

"A nan nake cinye busasshen kifin da nake ɓoye wa kakanka! Ƙaton suke kai wa labari?"

"Na ce miki babu ƙato!"

"To wa suke kai wa? Saniyar?"

"Ini, gashi ne kawai, ba sa..."

"Ɗazu ka ce idanu, yanzu ka ce gashi. Tsohon nan ma, ashe 'yan gadi ya kafa mini, ya ce wai duwatsun rafi. Allah ya kai ni inda yake!"

Ta ɗauki mayafi ta yafa musu tukuna, sannan ta zare su daga bango da yatsa biyu kamar mai ɗaukar kunama.

"Ungo. Ba aro ba ne, na ba ka har abada. Kada su ƙara kwana a ɗakina."

"Ashe tsohuwa ma tana da kunya."

"Tafi can, mai wuyan zalɓe." Dariya ta ci ƙarfinta har sai da ta dafa gado. "In ka soka su a hula, ka juya su su fuskanci baban Lulong. Shi idonsa biyu, kai naka sun fi arba'in. Mu ga wanda zai fara sunkuyar da kai."