Rasuwar Dattijo, Bakan Gogen da Aka Ba Ni Aro

Da zuciya cike da baƙin ciki, da hannun dama da tun ranar Lahadi ya rasa abin riƙewa, ni Myron Dubik, mai goge, nake sanar da 'yan uwa makaɗa, da masu sayen tikiti, da waɗanda suka saba shigowa ta ƙofar baya ba tikiti, rasuwar abokin aikina Dattijo, wato bakan da nake goga tsirkiya da shi. Ya riga mu gidan gaskiya ranar Lahadi da misalin ƙarfe uku da kwata na rana, a nan Winnipeg, a gaban mutum ɗari uku da 'yan kai, yana tsakiyar aiki. Ya rasu yana da shekara ɗari da goma, in dai Odile Fontaine mai gyaran baka ba ta ƙara masa ba don ta burge ni.

An haifi marigayin a wani ɗan shago a Faransa, daga jan itacen Brazil da izgar farin doki. Nauyinsa bai fi na ƙwai ɗaya ba. Ya shigo Kanada a cikin hannun rigar sanyin Malama Irma Halasz, lokacin da ta gudo daga Hungary tana budurwa. Kwana biyu ta yi tana tafiya da hannu a sanƙare, duk wanda ya tambaya ta ce karaya ce. Ita ce ta koya mini goge tun ina ɗan shekara tara, kuma ita ce ta miƙo mini shi shekara ashirin da biyu da suka wuce, da idonta ya fara mutuwa.

"Aro ne fa, yaro," ta ce mini ranar. "Kada ka je kana cewa kyauta na ba ka. Ranar da na ji ka yi kiɗa, kiɗa nake nufi, ba wasan biri ba, ya zama naka."

Yau shekarata hamsin da ɗaya, ga sanƙo ga tumbi, har yanzu yaro nake, har yanzu kuma aro ne. Kowace sabuwar shekara ina zuwa gidanta da burodi mai zaƙi, in yi mata kiɗa har in yi gumi, in tsaya ina jira. Sai ta ce, "Shayinka zai huce." Wallahi babu abin da nake so a duniya kamar in ji tsohuwar nan ta ce naka ne.

Marigayin ya kasance mai haƙuri, mai juriya, marar ƙorafi. Sana'ata ita ce in ɗauko kiɗan da magabata suka rubuta wa makaɗa tamanin, da ƙahonninsu da gangunansu, in cusa shi cikin tsirkiya huɗu, in tsaya ni kaɗai a dandamali in ce ga shi. Ni nake karɓar tafi, amma Dattijo ne yake aikin mutum saba'in da tara. Yakan taɓa tsirkiya uku a lokaci guda ba tare da ya yi gurnani ba. In na jefa shi sai ya yi ta tsalle, tar-tar-tar-tar, sau talatin da biyu a ja ɗaya, bai taɓa ɓatar da lissafi ba ko da ni na ɓatar. In kuma aka zo wurin tausayi, sai ya ja wata murya siririya, fiiiii, har ka ga manyan manoman alkama suna neman hankici suna cewa mura ce. Ya sha faɗuwa a ƙasa, ya sha dukan fitilar dandamali, sau ɗaya ya tsone wa wani mai piyano kunne, kuma duk wanda ya san mai piyanon ya ce Dattijo ya yi daidai.

Amma mafi girman halayensa shi ne riƙon sirri. Tunda ya tafi, bari in sauke kayan da na ɗora masa.

Duk wanda ya taɓa zuwa wasana ya san kiɗan da nake rufewa da shi, wanda nake kira Hadari. Kun ga yadda in an zo tsakiyar tsawa izga take tsintsinkewa, sili bayan sili, tana kaɗawa cikin hasken fitila, ni kuma ina girgiza kai kamar wanda aljanu suka hau. Kun miƙe tsaye, kun yi ihu. Wata jarida ta rubuta cewa zafin kiɗana ya fi ƙarfin wutsiyar doki. To jama'a, ku yafe mini, reza ce. Kafin kowane wasa nakan kulle kaina a ɗakin canza kaya in ɗan gatsa sili bakwai rabi-rabi, ta gefen da yake kallon 'yan kallo, don su tsinke daidai inda nake so. Shekara goma sha tara ina yi. Dattijo bai taɓa tona mini asiri ba.

Daga nan jinyarsa ta samo asali. In kullum gefe ɗaya ake rage wa baka izga, ɗaya gefen sai ya riƙa jan itacen, a hankali ya karkace. Odile ce ta fara gani, don ita take sa masa sabuwar izga.

"Myron, wai doki ne yake biyo ka yana ƙwace gashinsa?" ta ce. "Mutane sau biyu a shekara suke zuwa, kai duk wata shida ka zo sau biyar. Kuma tun da nake ban taɓa ganin gashin da ya tsinke da kansa ya bar baki sumul haka ba."

Na ce mata zafin kiɗa ne.

"Zafin kiɗan gidanku. Dubi wuyansa, ga tsaga nan ta fara. Ka bar shi ya huta zuwa bazara, kuma ka gaya wa Malama, kayanta ne."

Ban bar shi ya huta ba, ban kuma gaya wa Malama ba. Wa zai je gaban matar da ta tsallake iyaka da hannu a sanƙare ya ce mata yana yanka mata baka da rezar aski? Abin da yake kwantar mini da hankali shi ne ba ta gani, kuma ta daɗe da daina zuwa wasana.

Sai ga shi ranar Alhamis ta bugo waya ta ce a ajiye mata kujera a layin gaba. Kai, ban yi barci mai daɗi ba har Lahadi. Na yi tunani, tunda ba za ta ga komai ba, to ta ji yadda mutane suke haukacewa a kaina, ko ihunsu ya yi abin da kiɗana ya kasa. Saboda haka na gatsa sili tara maimakon bakwai, na ƙara murɗa kusar gindinsa har izga ta yi tauri. A waje sanyi ya kai inda gashin hanci yake daskarewa, a ciki kuwa an ƙure na'urar ɗumama ɗaki, iska ta bushe ƙayau. Ko ɗan koyo ya san busasshiyar iska tana ƙara ɗaure izga. Ni ma na sani, na dai ga dama ne na manta.

Marigayin ya yi aikinsa na ƙarshe da mutunci. Ya kawo iska, ya kawo gajimare, ya kawo tsawa ta farko da ta biyu. Silin nan tara suka tashi ɗaya bayan ɗaya, zaure ya fara ruri. Na ɗaga shi sama don tsawa ta uku, na sauko da shi da dukan ƙarfina. Kalmarsa ta ƙarshe gajeriya ce: ƙas. Kansa ya fita ya faɗa kan cinyar wani bawan Allah a layi na biyu, izga duka ta zubo mini a hannu kamar taliya.

Mutane suka ɗauka sabon salo ne, suka ɓarke da tafi, wani ma yana cewa a maimaita. Malama kaɗai ce ba ta motsa ba, hannuwanta biyu a kan sandarta. Ni kuwa na ji kamar in nutse cikin dandamali.

Hadari yana da wani ɗan ƙarshe da na yi shekaru ina tsallakewa, wurin da tsawa ta wuce aka bar yayyafi yana ɗiga daga indararo. Ba ya kawo tafi, shi ya sa. Ban san abin da zan yi da hannuna ba, sai na ajiye gawar a kan kujera na fara tsinkar tsirkiya da yatsu, ɗigo-ɗigo, a hankali, don ba a iya gudu da yatsa ɗaya. Ban girgiza kai ba, ban kalli kowa ba. Hawaye nake yi, kuma na gaske ne, abin da ban taɓa yi a dandamali ba. Da na gama, tafin da aka yi bai kai rabin na kullum ba.

A ɗakin canza kaya Odile ta shigo riƙe da hannun Malama. Na buɗe baki zan fara bayani, Malama ta ɗaga yatsa.

"Tara ka yanka yau. Da bakwai kake yi."

"Malama, wa ya gaya miki?"

"Makauniya ce ni, yaro, ba kurma ba. Silin da aka gatsa yana ƙaiƙayi a kunne tun kafin ya tsinke. Me kake tsammani ya hana ni zuwa wasanka? Ba ni shi nan."

An riga an dawo mini da kan, sai na sa mata guntayen biyu a hannu. Ta shafa su tun daga gindi har wurin karayar, ta daɗe a wurin. Sannan ta miƙo mini.

"Yayyafin nan ka yi shi daidai. Ungo, naka ne. Sai ka san inda za ka binne abinka."

Haka na mallaki Dattijo, minti ashirin bayan rasuwarsa.

Marigayin ya bar mata ɗaya, wato gogena, wadda tun Lahadi take kwance cikin akwati ba ta ce uffan ba. Ya bar ƙullin ƙaron da ake shafa wa izgarsa, wanda ya ci rabi, da izga sili ɗari da arba'in da ɗaya, da ƙanensa, wani baka na roba, ɗan zamani marar ladabi wanda yake ihu inda ya kamata a yi raɗa. Ya kuma bar reza guda, wadda iyalai suka yanke shawarar ba za ta halarci jana'iza ba. Odile ta ce za a iya manna kan da gam, amma ba zai ƙara tsalle ba, ni kuma ba zan tashe shi daga hutunsa don in rataya masa wani aikin ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe biyu na rana a shagon Odile da ke unguwar Saint-Boniface, inda za a kwantar da shi cikin akwatin gilashi a saman teburin aikinta. Akwai kofi, akwai perogi, wato ƙullin fulawa mai dankali da albasa a ciki, da ƙanwata za ta dafa, kowa ya zo da cokalinsa. A cire takalman ƙanƙara a bakin ƙofa. Bawan Allahn da ke layi na biyu, muna godiya da ka dawo da kan, amma sa hannun tunawa da ka roƙa in yi maka a jikinsa, ba zan yi ba.

Bayan an rufe akwati zan yi Hadari tun daga farko har yayyafinsa, da ƙanen marigayin, izgarsa cif-cif ba a taɓa ko sili ɗaya ba. Wanda yake son ganin gashi yana tashi ya yi zamansa a gida. Malama Irma za ta zauna a gaba, ta ce in yi a hankali, kuma za ta ƙirga.