Yadda Ake Zaɓen Latas ɗin Ɗan Rago a Zafin Jidda

Gyara zama, 'yar uwa. In kika bi matakan nan, na yi miki alkawari latas ɗin ɗan rago zai yi kore shar a saman benenki, ko da kuwa ƙwaya ɗaya ba ta tsiro ba. Ni na gwada a nan unguwar Nuzla, ga ni kuma da mutuncina.

1. Ki samu jikar da ta daina zuwa

Ba don ciki ake wannan noma ba. Tawa jikar Wejdan ce, 'yar ɗana Othman. Tun da ta shiga jami'a sai dai in gan ta a waya. Ran nan sai ga ta da fakitin iri guda uku, daga ƙasar sanyi. Sitti take ce min, wato kaka, don Hausarta rabi Larabci ce.

"Sitti, hada latas, na ɗan rago. Ke ki shuka a sama, ni in zo kulli Juma'a in duba."

Ni dai "kulli Juma'a" kunnena ya kama. Sauran bayanin ban ji ba.

2. Kada ki tambayi wanda ya sani

Ni na yi wannan kuskuren. Na nuna wa maƙwabciyata Aissa, mutuniyar Damagaram, wadda ta taɓa yi wa Faransawa girki. Ta yi dariya har ta dafa bango.

"Mash Faransawa ke ce wa wannan, Hajiya! Sanyi yake so, mai sa haƙora rawa. A Jidda? Ko a firji kika shuka shi sai ya yi gumi."

Mai sani ba ya barin mutum ya yi noma cikin kwanciyar hankali.

3. Zaɓen iri

Nan ne gwanintar take. Akwai mai manyan ƙwayoyi da dogon ganye, wai yana jure zafi. Zafinsu ake nufi, ba namu ba. Akwai mai ƙananan ƙwayoyi, kore tsanwa. Akwai kuma mai ganye kamar cokali.

Ki shuka duka ukun a gwangwanayen madara, ki ba su ruwa safe da yamma. Na farkon zai leƙo, ya ga rana, ya kwanta. Sauran biyun sun fi shi hankali, ba za su fito ba sam.

Sai ki je ƙarƙashin mukayyif, wato injin sanyaya ɗaki, inda ruwansa ke ɗiga, ki duba abin da Allah ya tsirar da kansa. Rijla ce, ganyen nan mai kauri da ba ya jin rana. Ki jera hotunan fakitin kusa da ita. Wanda ya fi kama da ita, shi ne irinki. Nawa mai cokalin ne.

4. Ki yi dashe

Ki tumɓuke rijlar a hankali, ki mayar gwangwani, ki soke fakitin a tsinke ki kafa a gefe. Ganye da takarda ya fi ganye ba takarda. Duk wanda ya taɓa zama ba iƙama, takardar izinin zama, ya san haka.

5. Ki toshe bakin Aissa

Kowace Juma'a sai ta leƙo ta ce, "Hajiya, ya jikin mash?" Ki tanadi sambusa mai zafi. Bakin da ke hura sambusa ba ya tonon asiri.

In jikar ta ce, "Sitti, lesh karan ya yi ja? A hoto ba ja," kada ki yi inda-inda. Ki ce gishirin ruwan Jidda ne. Duk abin da ya gagara a garin nan, gishiri ake ɗora wa.

Haka muka ci Juma'a tara. Tana cire ciyawa, ina zuba shayi. Yarinyar da ba ta haɗa Hausa jimla biyu, sai ga ta tana cewa, "Sitti, yabanya ta yi kyau."

6. Ranar da waya za ta yi magana

Za ta zo, kada ki ce ban faɗa miki ba. Juma'a ta goma na ga Wejdan ta kara waya a kan ganyen, irin abin nan da ke faɗin sunan tsiro. Na ce halas, Juma'ata ta ƙare.

"Jikalle, zo in gaya miki wani abu..."

"Rijla ce, Sitti. Tun Juma'ar farko da na gan ta wayar ta faɗa."

"Kika yi shiru, ja'ira?"

"Ai a bayan fakitin ma an rubuta ba ya son zafi. Duktur ya ce ki riƙa hawa bene saboda gwiwa, kika ƙi. Yanzu kina hawa sau biyu kulli yom."

Sai a nan na tuna tun farkon watan nan sandata ke jingine a bayan ƙofa.

Ta buɗe jaka ta ciro sabon fakiti. Wannan, in ji ta, sai ƙanƙara ta sauko masa yake tsirowa. Na ce miƙo, kuma kada ki makara ranar Juma'a.

Gargaɗi

In gwiwarki ta ƙi, ko sambusa ta ƙare kafin Aissa ta ƙoshi, ba ruwana, ban ma san ki ba. In kuma tsautsayi ya sa latas ɗin ya tsiro da gaske, kada ki neme ni. Har yau ban san yadda ake cin sa ba.