Na Je Ta'aziyyar Kawu, Shi Ya Buɗe Mini Ƙofa

Jama'a, ku taya ni jin kunya. Makon jiya na sa fararen kaya, na ɗaure fuska, na kwashi mai ɗakina da ƙanwarta a motar aro muka tafi ta'aziyya, sai ga mamacin da kansa ya buɗe mana ƙofa, riƙe da kwanon hatsi. Har yau idan na tuna kallon da ya yi mana sai in ji gumi ya karyo mini. Amma laifin ba nawa ba ne ni kaɗai, shi ya sa na kawo ƙara gabanku.

Mamacin namu Kawu ne, ƙanin mahaifiyar mai ɗakina. Ya yi ƙuruciyarsa kaf a masaƙa, ƙarar injina ta cinye masa kunne, don haka kiransa a waya ɓata kati ne kawai. Tun rasuwar matarsa yake zaune shi kaɗai a can ƙarshen gari, daga shi sai tattabarunsa. Kafin 'yarsa ta bi mijinta nesa, ta buɗe masa shafi a intanet, ta bar masa tsohuwar kwamfutarta. Kullum da safe yakan zauna da yatsa ɗaya ya rubuta labarin gidan: wadda ta yi ƙwai, waɗanda suka yi faɗa a kan gurbi, da sabon makircin kyanwar maƙwabta. A ƙasan shafin akwai wata 'yar lamba mai nuna yawan waɗanda suka karanta. Kullum ɗaya take nunawa, kuma ɗayan nan ni ne.

Kada ku raina wannan aiki. A gidanmu mai ɗakina ba ta gama zuba mini shayi sai ta tambaya, “Kawu ya rubuta?” In na ce ya rubuta, to an san ya tashi lafiya, ya fita tsakar gida da ƙafarsa, har yana da ƙarfin zagin kyanwa. Ita kuma sai ta sanar da sauran dangi, kowa ya kama harkar gabansa.

Da wata 'yar manhaja nake karantawa, wadda Injiniya, mai gyaran waya da ke jikin shagona na fotokwafi, ya sa mini tun da daɗewa. Aikinta ɗaya ne, ta tattaro mini sabon rubutu daga shafukan da nake bi. Akwai mai koyar da gyaran firinta, akwai wata baiwar Allah mai rubutu kan lambu, akwai wani da ba ya komai sai kukan ƙungiyar ƙwallonsa, sai Kawu. Baƙin rubutu ne a kan farin allo, sabo a sama, wanda ka karanta ya dushe. Ba ta da kyau ko kaɗan, kuma ban taɓa neman ta yi kyau ba. A layin mai ma ita ce abokiyar hirata, kun kuwa san layin mai yana ba mutum lokacin karatu fiye da makaranta.

Rannan na wayi gari na buɗe, sai na ga furanni suna zubowa daga saman allo, da rubutu ɓaro-ɓaro: “Albishirinka! Mun saurari ra'ayoyinku!” Ni dai ba wanda ya tambaye ni. Na leƙa wajen Injiniya, ya ce shi ma ba a tambaye shi ba. Ashe Mai Girma Babban Daraktan Gyaran Abin da Bai Lalace Ba ne ya zauna da Mai Ba Shi Shawara na Musamman kan Ɓoye Maɓallai, suka sha sanyin ofis, suka yanke cewa mun gaji da samun abin da muke nema. Sunayen shafukana duk sun ɓace. A madadinsu ga manyan hotuna, ga bidiyon da ke kunna kansa yana shan data, ga wani sashe wai shi “Abin da Muka Zaɓa Maka”. Abin da suka zaɓa mini a ranar farko shi ne wani saurayi yana wanke motarsa da lemon kwalba.

Ni fa ina yaba wa manya, don ba ƙaramin hazaƙa ake bukata ba kafin a gano abu ɗaya tak da ke aiki a kuma lalata shi. Na tabbata makaranta ɗaya suka yi da Masu Girman da suka zo unguwarmu suka tsallake tituna masu ramuka, suka farfasa guda ɗayan mai kyau don a dasa fulawa a tsakiya. Su ma da albishir suka fara. Fulawar ta bushe tun kafin a kwashe kujerun bikin buɗewa, mu kuma har yau ta bayan kasuwa muke zagayawa.

Abin da ba a rubuta cikin furannin ba shi ne, sabuwar manhajar ta daina nuna shafin da ba shi da jama'a. Wai don kada a gajiyar da ni. In na gangara har ƙasa, sai wata fuska mai murmushi ta ce, “Ka gama karanta komai!” Ni kuma da yake tsawon shekaru ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, sai na yarda.

“Kawu ya rubuta?”

“Bai rubuta ba.”

Haka muka yi ta yi. Da farko muka ce wuta ce ba a kawo musu ba. Daga baya muka ce kwamfutar ce ta tsufa. Mai ɗakina ta yi ta kiran wayarsa tana ƙara har ta katse, wanda dama haka take yi ko yana cikin ƙoshin lafiya. Kullum muna cewa gobe za mu leƙa, kullum babu mai a gari. Sai ga Tela, maƙwabcina na ɗaya ɓangaren, ya shigo shago da tsumma a kafaɗa.

“Maigida, ba a layin bayan tsohuwar masaƙa surukinka yake ba? Jiya na wuce na ga an kafa rumfa, ga kujeru, ga mutane jingim.”

“Rumfar me?”

“To, ni dai ban ga ana dariya ba.”

Kuskurena shi ne na maimaita wannan magana a gida. Kafin in rufe baki mai ɗakina ta ɗora hannu a ka. “Shi ke nan, an binne shi ba a gaya mana ba!” Ta kira ƙanwarta, ƙanwar ta iso da kuka tun daga bakin titi. Na ari motar Injiniya, muka ci rabin safiya a layin mai, su suna sharar hawaye a baya, ni ina faɗa da wani mai babur da ya shigo ta gefe. Da muka isa, rumfar tana nan kuwa. Maƙwabcin Kawu ne ya buɗe shagon sayar da tayoyi, mutanen da Tela ya gani ba sa dariya kuma jawabi suke saurara.

Kawu ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya dubi jajayen idanun 'ya'yan 'yar'uwarsa.

“Wa ya rasu?”

Ba wanda ya amsa. Ƙanwar mai ɗakina ta rungume shi ta sake fashewa da kuka, hatsi ya watse, tattabaru suka sauko. Ni aka bari da bayani, kuma da ƙarfi, saboda kunnen.

“Kawu, mun ga kun daina rubutu ne!”

“Na daina me?”

“Rubutu!”

Ya ja ni ɗaki, ya buɗe kwamfutar, ya nuna da yatsan nan nasa guda. Ga rubutu nan jere, ba ranar da ya tsallake. A ƙasan kowanne kuma lambar tana nuna sifili.

“Ai ni ma na ɗauka ka mutu,” in ji shi. “Na ce yaron nan ko dai ya rasu, ko ya gaji da ni. Gaskiya na fi son na farkon, don shi yana da uzuri.”

Muka yi dariya, shi bai yi ba. Na shiga rantse-rantse ina bayanin manhaja da furanni da Babban Darakta, yana kallon bakina yana gyaɗa kai irin na wanda bai ji ba kuma bai damu ya ji ba.

“Yau kunya za ta sa ka karanta,” ya ce. “Jibi fa? Bar shi kawai, ɗan nan. Na gaji da magana ni kaɗai. Tattabaru ba sa karatu, mutane kuma suna da abin yi.” Ya rufe kwamfutar, ya ɗora mata kwanon hatsi.

Wallahi maganar ta soke ni. Na ɗauki adireshin shafin, da muka koma gida na zauna na karanta duk abin da ya wuce ni. A ciki na ji cewa Gurguwa, wata tattabara mai ɗingishi da ya fi ƙauna, ta fita ba ta dawo ba. A wani wurin ya rubuta: “Yau ma ba kowa. Amma ƙwan Baƙa ya ƙyanƙyashe, dole in gaya wa wani.” Na daɗe ina kallon layin nan. Washegari na duba, babu sabon rubutu, kuma wannan karon ba manhaja ce ta ɓoye shi ba.

Na fara da kai kuka ga masu manhajar. Amsa ta zo nan take: ra'ayina yana da matuƙar muhimmanci a gare su, kuma suna farin cikin jin ina jin daɗin sabon salo. Wanda ya taɓa kai ƙorafi ofis ya san wannan murya. Sai na tattara na koma bencin Injiniya.

“Injiniya, nemo mini wata. Ba na son kwalliya. Mai ƙwanƙwasa mini ƙofa nake so duk lokacin da tsohon nan ya rubuta, don na san kaina, in aka bar ni da tunawa, kwastoma biyu sun isa su mantar da ni.”

“An gama, Oga. Ai sun fi ƙuda yawa.”

Ta farko da ya sa mini sai da ta nemi lambobin duk mutanen da ke wayata, har da na surukata, kafin ta yarda ta buɗe. Muka goge ta. Ta biyu hotuna kawai ta sani, Kawu kuwa ba ya sa hoto, don haka ta riƙa nuna mini farin akwati babu komai a ciki. Ta uku ita ce mai ilimi. Wai tana karanta maka ta taƙaita don kada ka ɓata lokaci. Na ba ta labarin ɓatan Gurguwa, wanda Kawu ya rubuta da zuciya ɗaya, ta dawo mini da layi guda: “Wani dattijo yana da tsuntsaye.”

Tela, da ya jawo mana duk wannan, ya leƙo yana cizon zare. “Ni fa ban ga abin wahala ba. Ku saya masa waya mai ƙara mana.”

“Tela, je ka nemo wata rumfar,” in ji Injiniya.

Sai da yamma ta yi sannan ya tono wata daga can ƙasan jeri, inda ba mai zuwa. Tambarinta kamar an zana shi da biro. Ya juya mini wayar yana yamutsa fuska.

“Oga, wannan ko kunya ba ta ji. Dubi muninta. Shekara da shekaru ba a taɓa ta ba.”

Na duba. Baƙin rubutu a kan farin allo, sabo a sama. Na sa adireshin Kawu, ya fito daram, kusa da mai gyaran firinta da mai kukan ƙwallo, ba wanda aka ɗora a kan wani. Na ce ya kunna mata ƙararrawa mafi ƙarfi. Saura kuma abu ɗaya da ba manhajar da za ta iya yi mini, wato ta sa tsoho ya ɗauke kwanon hatsi daga kan kwamfuta.

Safiya ta yi ta zuwa tana wucewa. Mai ɗakina ta daina tambaya, sai dai ta ajiye shayi ta dube ni, in girgiza kai. Ban taɓa sanin labarin faɗan tattabaru yana da wuri a rayuwata haka ba sai da ya yanke.

Shekaranjiya da tsakar rana, lokacin da Kawu bai taɓa rubutu ba, ina tsaka da buga wa wani malami takardun jarrabawa, wayar ta ƙwala ƙara har malamin ya zabura. Na san gwada ni tsohon yake yi. Na saki takardun na buɗe. Layi biyu ne: “Gurguwa ta dawo da kanta, ta rame. Bari mu ga ko ɗan Adam ɗin da ya ɓata shi ma zai dawo.”

Na rubuta masa a ƙasa cewa ina nan, kuma a gaida Gurguwa. Malamin yana ta ƙorafin injin yana fitar da shafi ɗaya sau ba adadi, ni ko a jikina. Can wayar ta sake ƙara.

“Na ga ɗaya. Gobe zan ba ka labarin kyanwa, ta yi abin kunya.”

Na kira mai ɗakina, tana ɗauka na ce, “Ya rubuta.” Na ji tana jan hanci, ta ce in sayo hatsi mu kai masa ranar hutu, ko da a ƙafa ne.

Injiniya ya ce yadda aka yi watsi da manhajar nan, mai yiwuwa wanda ya ƙirƙire ta ya rasu. Na ce masa ni na daina yanke wa mutane mutuwa daga nesa. In dai yana raye, bawan Allah, ina roƙa masa lafiya da tsawon kwana. Allah kuma Ya tsare shi daga ƙarin girma, kada a wayi gari shi ma ya fara sauraron ra'ayoyinmu.